Gilashi ɗaya don hoton fuska da na titi: abin da masu ɗaukar hoto suka gani da idonsu

Mai tambaya, daga Kano

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena a wannan sana'a. Ƙanwarku ce ke neman shawarar waɗanda suka riga ta. Shekara biyu ke nan ina aiki da kyamarar Canon 700D da gilashin gaba (lens) da ta zo da shi, wato 18-55mm, kuma yawancin aikina hoton amare ne a cikin ɗaki ranar lalle ko ranar kamu. Idan kuma babu aiki, nakan rataya kyamara in shiga cikin gari, wajen Kurmi ko karofin Ƙofar Mata, in ɗauki masu sana'a suna aikinsu. Damuwata ita ce a cikin ɗaki hoto yana fita da duhu ko da yashi-yashi, sannan bayan amarya ba ya dushewa, ta yadda labule da akwatuna da fanka duk suna fitowa tar kamar fuskarta. Kuɗin da na tara na gilashi ɗaya ne tak, irin wanda ba ya zuƙowa, kuma ina son mara nauyi saboda yini nake yi da shi a wuya. Duk wanda na tambaya sai ya ce in sayi 50mm f/1.8 (lambar mm tana nuna faɗin abin da gilashi ke ɗauka, ƙaramar lamba ta fi faɗi; lambar f kuma buɗewarsa ce, ƙaramar lamba ta fi shigar da haske), amma na fi son in ji daga bakin wanda ya yi aiki da shi a ɗaki da kuma a titi.

Mai sitidiyo, daga Zariya

Wa alaikumus salam, 'yata. Na yi aiki da wannan gilashi iri biyu, don haka zan faɗa miki alherinsa da kuma inda zai takura ki. Na fara da tsohon, EF 50mm f/1.8 II, wanda hatta bakinsa da ke shiga kyamara na roba ne, daga baya na koma wanda ya fito a 2015 mai suna STM. Shi wannan bakinsa ƙarfe ne, nauyinsa kimanin giram 160, yana iya saita abu ya fito tar daga nisan santimita 35, kuma kimanin dala 125 aka sa masa a Amurka lokacin da ya fito. Batun haske kuwa babu gardama a kansa. Gilashinki idan kika zuƙo shi zuwa 55mm, iyakar buɗewarsa f/5.6 ce, alhali f/1.8 tana shigar da haske kusan ninki goma na wannan. Ranar da na fara ɗaukar amarya da shi a hasken taga kaɗai, ba tare da filasha ba, na ga zanen lallen hannunta da ɗinkin bakin mayafinta sun fito tsaf, bangon bayanta kuma ya narke ya zama launi kawai.

Sai dai ga abin da masu ba ki shawara ba su faɗa miki ba. Sansar kyamararki, wato ɗan allon da ke karɓar hoto a cikinta, ƙarama ce, saboda haka duk lambar da aka rubuta a jikin gilashi sai kin ninka ta da 1.6 kafin ki san faɗin abin da za ki gani. Ke nan 50mm a hannunki daidai yake da 80mm a babbar kyamara, wato mai sansa daidai da girman fim na 35mm. Idan kina son mutum a tsaye tun daga ɗaurin kai har takalmi, sai kin ja da baya kimanin mita huɗu, ɗakunan amare kuwa da gado da kujeru da ƙawaye ba su cika barin mita huɗu ba. Na taɓa jingina da bango har ƙeyata tana taɓa shi, amma abin da ya shiga hoton daga ƙirjin amarya ne zuwa sama, ƙawayenta shida kuma suna jira a ɗauke su tare. Dole na fita tsakar gida na ɗauka ta bakin ƙofa, gefe biyu na hoton duk ƙyaure.

Abu na biyu, kada daɗin dushewar baya ya sa ki zauna a f/1.8 kullum. Daga nisan mita ɗaya da rabi, abin da zai fito tar a wannan buɗewa bai wuce kaurin santimita shida ba, don haka idan amarya ta ɗan karkata fuska, ido ɗaya zai fito, ɗayan ya dushe. Ni a f/2.5 ko f/2.8 nake yawancin aikin fuska.

Daga Damagaram

Allah ya ƙara girma, Baba, maganarka ta ninka lamba ita ce ta ci mini kuɗi kafin in gane ta. Ni Nikon D3200 nake riƙe da ita. Na karanta cewa Henri Cartier-Bresson, Bafaranshen nan da ya yi suna a hoton titi, da 50mm ya yi mafi yawan aikinsa a kan kyamarar Leica, sai na ɗauka ni ma shi zan saya in shiga lungunan Birni. Abin da ban lura da shi ba shi ne, shi a kan fim mai faɗin 35mm yake ɗauka, ni kuwa sansata tana ninka lamba da 1.5, wato 75mm nake gani. A lungu mai faɗin taku uku, ƙofar gida mai zane ba ta shiga hoto gaba ɗaya, balle mutumin da ke zaune a dakalinta.

Kuskurena na biyu ya fi wannan ciwo. Saboda arha na ɗauki 50mm f/1.8D, ban san cewa babu injin saiti a cikinsa ba, kuma kyamarori irin su D3200 da D5100 ba su da injin da zai juya shi daga jikinsu. Wata uku ina murɗa saiti da hannu, yaro ya wuce da tulu a ka, kafin in daidaita ya sha kwana. Duk mai irin wannan Nikon ya nemi wanda aka rubuta AF-S a jikinsa, wato mai injin saiti a cikinsa. Na sayar da shi na sayi 35mm f/1.8G DX, wanda ya fito a 2009, mai nauyin giram 200, kuma a kyamarata yana ba ni kusan abin da 50mm ya ba wancan Bafaranshe. Da shi nake ɗaukar titi, da shi nake ɗaukar mutum daga ƙugu zuwa sama, kuma shekara huɗu ke nan da wuya in cire shi. Malama, na san taki Canon ce, amma faɗin da za ki nema ke nan idan da gaske gilashi ɗaya kike so ya yi miki aiki biyu.

Mai ɗaukar hoto, daga Katsina

'Yar'uwa, kyamararmu kusan iri ɗaya ce, kuma na bi ta inda kike yanzu. Abin da na saya shi ne EF-S 24mm f/2.8 STM, wanda ya fito a 2014. Kaurinsa bai kai santimita biyu da rabi ba, nauyinsa giram 125, kuma a kyamararmu daidai yake da 38mm. Amfaninsa na farko da na gani ba ma a hoton yake ba, a fuskokin mutane yake. Lokacin da nake yawo da dogon gilashi, da zarar na ɗaga kyamara a kasuwa sai a tsaya cak, wani ya ce, "Hajiya, daga wace jarida?" wani ya juya baya. Da wannan ɗan ƙaramin kuwa, kyamarar tana shiga jakar hannuna a ƙarƙashin hijabi, kuma dole ne in matsa kusa da mutum in yi masa sallama in nemi izini kafin in ɗauka, wanda a ganina hakan ya fi dacewa da mu, musamman idan mata ne ko dattawa. Akwai wani mai saƙar tabarma da na zauna gefensa kusan rabin awa muna hira, har ya manta da kyamarar, na samu hannuwansa da kabar da ke jiƙe a kwano da jikansa da ke leƙe ta bayansa duk a hoto ɗaya. Da 50mm sai na tsallaka hanya kafin in haɗa su.

Ranar hawan sallah ma ya yi mini aiki a cikin jama'a, wajen makaɗa da 'yan kallo da masu riƙe da linzami, amma mahayan da ke nesa ƙanana suka fito, kuma wannan ba aikinsa ba ne.

Gaskiyar da zan faɗa miki game da amare ita ce ba zai share miki hawaye gaba ɗaya ba. Gilashinki na yanzu a 24mm yana buɗewa f/4, don haka ninki biyu kawai na haske za ki ƙaru da shi, kuma baya ba ya narkewa yadda kike so. Idan kuma kika matsa kusa don ki cika hoton da fuska, hanci da goshi za su yi girma, kunnuwa su ja baya, kuma babu amaryar da za ta yafe miki wannan. Yana da kyau wajen hoton amarya da ƙawayenta ko ita a tsaye da kayanta, domin mita biyu sun ishe ki.

Daga Jos

Ƙarin bayani ɗaya gare ni, Malama. Sony a6000 nake amfani da ita da Sigma 30mm f/1.4, kuma darasin da rana ta koya mini zai shafe ki. Iyakar saurin shata, wato ƙofar da ke buɗewa ta rufe don haske ya shiga, a kyamarata da taki 1/4000 na daƙiƙa ne. Da tsakar rana, ko da ISO, wato ma'aunin ƙarfin karɓar haske na kyamara, yana ƙasa kan 100, idan kika buɗe gilashi f/1.8 farar shadda da goshin mutum za su ƙone su zama fari fat, babu abin da kwamfuta za ta iya dawo da shi. Ko dai ki rufe zuwa f/2.8, ko ki kai mutum inuwa, ko ki sa filtar rage haske da ake kira ND.

Mai gyaran kyamara, daga Kaduna

Ƙanwata, ni ta fuskar abin da ake kawo mini kan teburi zan yi magana, tunda da alama na hannu za ki saya. Kada ki biya kuɗi sai kin je da kyamararki. Ki cire murfi biyun, ki haska tocilan waya ta baya ki leƙa ta gaba. 'Yar ƙura kaɗan ba ta ɓata hoto, kuma duk gilashin da ya yi hunturu biyu a ƙasar nan yana da ita. Abin gudu shi ne funfuna, wadda za ki gan ta kamar saƙar gizo a cikin gilashin, kuma na fi ganinta a kayan da suka daɗe a ajiye a wuri mai laima. Wata baiwar Allah ta kawo mini wanda ta saya ba ta duba ba, na buɗe na wanke, amma funfunar ta riga ta ci shafen da ke kan fuskar gilashin, har yau hotonta da hazo yake fita idan ta fuskanci haske. Bayan haka ki ɗora shi, ki saita abu na kusa da na nesa sau da yawa ki ji ko injin yana sarƙewa, sannan ki ɗauki rubutun jarida a buɗe gaba ɗaya ki duba ko gefe ɗaya ya fi ɗaya dushewa.

Ki sani kuma cewa 50mm STM da 24mm ɗin duk ba su da na'urar hana girgiza, don haka da 50mm kada shata ta sauka ƙasa da 1/100 idan a hannu kike riƙe da kyamara. Akwai kuma batun gobe: 50mm zai bi ki idan kika koma babbar kyamarar Canon, 24mm kuwa EF-S ne, wato na kyamarori masu ƙaramar sansa, ba ya hawa manyan kyamarori irin su 6D, kodayake duka biyun suna aiki a sababbin kyamarorin EOS R ta hanyar adafta.

Kafin ki kashe ko sisi, ki gwada abu ɗaya. Ki murɗa gilashinki na yanzu zuwa 50mm ki liƙe shi da salatif, ki yi kwana uku ba ki taɓa shi ba, sannan ki maimaita haka a 24mm.

Mai tambaya, daga Kano

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Yaya na Kaduna, na bi shawararka ta salatif har mako guda. A 50mm na je Kurmi na dawo da hotunan hannuwa da fuskoki masu kyau, amma sau uku ina ja da baya ina taka kayan mutane, kuma ban samu ko rumfa ɗaya cikakkiya ba. A 24mm kuwa kasuwar ta shigo yadda nake ganinta da idona. Sai dai da na zauna na duba hotunan da amare suka zaɓa aka wanke musu a bara, na tarar mafi yawansu daga kafaɗa zuwa sama ne, kuma wannan aikin shi ne yake biyan kuɗin gilashin. Saboda haka na sayi 50mm STM na hannu, bayan na haska shi da tocila kamar yadda aka koya mini, kuma na bar 18-55mm a jaka don hoton ƙawaye da na cikin gari, har zuwa lokacin da zan tara kuɗin 24mm irin na Yayata ta Katsina. Baba na Zariya, ranar Asabar na ɗauki kamu na farko da shi a f/2.5 kusa da taga, kuma idanun amarya duka biyun sun fito.