Neman kalmar Hausa: me za mu kira Casual da Classic a wasan Fire Emblem?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Duk mai buga wasannin bidiyo na dabarun yaƙi, irin waɗanda ake jera mayaƙa a fili mai gida-gida, kowane ɓangare yana motsa nasa idan layi ya zo kansa, ya san cewa sababbin wasannin Fire Emblem suna yi wa mutum tambaya biyu kafin ya fara. Ta farko ita ce matakin wuya, ta biyu kuma zaɓi ne tsakanin Casual da Classic. Da yawa daga cikinmu suna kiran Casual "mai sauƙi", Classic kuma "mai wuya", kuma wannan yana rikita sabon shiga, domin tambayoyin biyu ba su da alaƙa da juna.

Matakin wuya galibi ya shafi ƙarfin abokan gaba da yawansu ne, kuma kalmomin matsakaici da mai wuya sun wadatar a wurin.

Tambaya ta biyu ita ce: me zai faru da mayaƙinka idan aka kayar da shi? Tun daga wasan farko, wanda kamfanin Intelligent Systems ya ƙirƙira, Nintendo ya fitar a Japan a 1990, doka ɗaya ce: wanda ya faɗi ya tafi ke nan. Wannan shi ne Classic. A 2010 aka shigo da Casual cikin wani wasa da bai fita daga Japan ba, sannan wasan Fire Emblem Awakening na 2012 ya yaɗa shi. A wannan tsari, wanda ya faɗi yakan bar filin, amma ya dawo a yaƙi na gaba. Saboda haka mutum yana iya zaɓar matakin da ya fi kowane tsanani tare da Casual, ya sha baƙar wuya ba tare da ya rasa kowa ba.

An ba da shawarar "mutuwar dindindin" a madadin abin da Turawa ke kira permadeath, wato dokar Classic. Ban gamsu da ita ba. Na ɗaya, kunnen Bahaushe zai tambaya ko akwai wata mutuwar da ba ta dindindin ba. Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci, ba kowane mayaƙi ne yake mutuwa a Classic ba. A Awakening akwai waɗanda labarin bai gama da su ba, don haka idan aka kayar da su sai su ji mummunan rauni su janye, suna raye amma ba za ka sake fita da su yaƙi ba.

Shawarata ita ce mu kira Classic "tsarin rashi", mu kira Casual "tsarin jinya".

Kalmar rashi tana ɗaukar ma'anoni biyu a lokaci guda. Idan aka ce an yi rashi, kowa ya san mutuwa ake nufi, kuma rashin abu yana nufin ba ka da shi a hannu ko da yana nan a duniya. Tana kuma ɗauke da nauyin da ya dace. A dara, idan aka cinye maka ɗa, wani ɗan daidai yake da shi. A nan kuwa, kowane mayaƙi yana da suna da hali da abokan hira, ka yi ta rainonsa tun yana raggo har ya zama gwarzo, wani ma ka aurar da shi, sai kuskuren taku ɗaya ya raba ku. Shi ya sa masu buga wannan tsari sukan kashe wasan su sake yaƙin tun daga farko maimakon su ci gaba babu shi.

Jinya kuwa tana nuna cewa an ji ciwo, an kwanta, za a tashi. Abin da ya fi burge ni game da ita shi ne ba ta da raini a ciki, alhali "mai sauƙi" tana sa wanda ya zaɓe ta jin kamar an kira shi matsoraci, ko da kuwa ƙarancin lokaci ne ya sa shi zaɓar ta.

Saura guda ɗaya. Wasan Fire Emblem Fates na 2015 ya zo da tsari na uku mai suna Phoenix, inda wanda ya faɗi yake tashi a zagaye na gaba cikin wannan yaƙin, don haka jinya ta yi masa tsawo. Ina ganin "tsarin suma" zai dace, tunda wanda ya suma nan take yake farfaɗowa, amma ina son jin ra'ayin waɗanda suka buga shi.