Sautin jitata ya ƙi yin kauri a sabon akwatin lasifika

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kaɗa jita. Don Allah a taimaka mini, wannan abu ya kusa wata guda yana cin raina.

Ina da amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) mai wat 50, irin mai kwalaben lantarki a ciki, wadda na saya kwance. Kafinta ya haɗa mini akwati da katako mai kauri, na sa lasifika biyu masu inci 12, kowace om 16 (om shi ne ma'aunin yadda lasifika ke turje wa lantarki). Na haɗa wayoyinsu kafaɗa da kafaɗa, wato kowace lasifika da nata wayoyin daga mahaɗa guda, don su ba da om 8, na kuma jona a ramin om 8 na bayan amfilifayar.

Matsalar ita ce sautin siriri ne, ba nauyi ko kaɗan. Tsirkiyar sama tana tsaga kunne, mai kaurin kuwa kamar daga cikin gwangwani take fitowa. In na ƙara bas sai ya koma gurnani, kaurin bai zo ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai, da na cire waya ɗaya na bar lasifika guda na ɗan lokaci, sai sautin ya fi cika.

Shin na juya wayoyin ne, lasifika ɗaya tana turawa ɗaya tana ja? An ce a taɓa batir mai bolt 9 a wayoyin a ga ko duka lasifikun biyu waje suke motsawa. Hakan ba zai lalata su ba? Sannan bayan akwatin a buɗe yake, in rufe shi gaba ɗaya?

Muna da biki ranar Asabar. Na gode, Allah ya saka da alheri.