An ce in riƙa kai kwikwiyona wurin renon karnuka, wa ya taɓa yi?

Maman Hanif: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin wanda ya taɓa yi da kansa. Maigidana yana aiki a Fatakwal, ni da yara ne kawai a gida a Rijiyar Zaki, can ƙarshen layi inda kangaye suka fi gidaje yawa. Da aka haura mana katanga aka ɗauke janareta, sai ya sa aka kawo mana kwikwiyo, ruwa biyu ne, uban Alsatian uwar ta gida. Watansa huɗu yanzu. An yi masa allura biyu, ta uku sai nan da sati biyu. Ba mu da maigadi, na sake faɗa, ba mu da maigadi.

Damuwata tsoronsa ya yi yawa. Ana buga ƙofa zai shige ƙarƙashin tankin ruwa, ɗan garuwa kuwa in ya shigo da kura har fitsari yake saki. Saurayin da ya sayar mana da shi yana da wuri wajen Bompai inda yake ajiye karnukan mutane. Ya ce rashin cuɗanya ne, in riƙa kawo shi sau biyu a sati ya wuni cikin 'yan'uwansa, dubu huɗu duk wuni. Kuma ƙarshen wata za mu tafi biki Gusau, kwana goma, ya ce zai riƙe mana shi. Wannan cuɗanyar tana cire wa kare tsoro da gaske, ko kuɗina ake so?

Abu Sadiq: Wa alaikumus salam. Hajiya ki bar wa maigadi shi kawai, ki ɗan ƙara masa wani abu. Babban kare ba ya buƙatar komai sai abinci da ruwa.

Ummi Kabuga: Sau biyu ta ce ba su da maigadi, kuma kwikwiyo ne. Ku riƙa karantawa don Allah.

Ɗan Fagge: Ikon Allah, na zaune bai ga gari ba. Yau kuma kare za a sa a nazare. Hajiya a ɗinka masa yunifom, a haɗa masa da kwandon abinci. Ni tambayata ɗaya ce, wane mai adaidaita ne zai ɗauko kare daga Rijiyar Zaki har Bompai, kuma nawa zai ce?

Injiniya Bala: 'Yar'uwa kada ki kai. Ni na kai, kuma har yau in na bi ta layin sai raina ya ɓaci. Bara mahaifiyata ta kwanta a Zariya, dole na tafi jinya, iyalina suka koma gidansu. Ina da karya Boerboel, wata biyar, daga Jos aka kawo min ita. Wurin da na kai ta daga gaba tsaf yake, an shafe shi da tayil, ga hotunan karnuka a bango. Ba sa barin mutum ya wuce baya, wai kada karnuka su tashi hankali. Ranar da na dawo na ce sai na shiga. Keji ne na ƙarfe a jere ƙarƙashin kwano, cikin zafin Afrilu, roba ɗaya ta ruwa ake zagayawa da ita, ƙasan kuma ba siminti, kashin wannan wancan yake takawa.

Na same ta kwance, ido ya faɗa, haƙarƙari a waje, jini ya bushe a bayanta, ga wani wari da ban taɓa jin irinsa ba. Na ɗaga kunnenta, kaska ce fal kamar an zuba gero. Ta ji muryata ta motsa wutsiya, ta kasa tashi. Yaron wurin ya ce wai tun shekaranjiya take amai, sun ɗauka canjin abinci ne. Lambata tana hannunsu, ba wanda ya kira ni. A asibitin dabbobi aka ce parvo ce, cutar amai da gudawar jini da ke kama karnuka, aka yi ta ƙarin ruwa, ba ta tashi ba. Washegari sai ga mai wurin ya turo min lissafi, har da kuɗin wanka. Wanka!

Ummi Kabuga: Subhanallahi. Allah ya mayar da alheri, Injiniya.

Hajiya Binta: Allah ya huci zuciyarka Injiniya, amma ba a taru an zama ɗaya ba. Ni duk tafiyar Umara wuri ɗaya nake kai nawa, kusa da mu a Nassarawa. Ba su karɓar kare sai sun ga katin allurarsa, ba sa haɗa manya da ƙanana, kuma kullum da yamma sai sun turo min bidiyonsa ta WhatsApp. Da yana yi wa baƙona haushi har ya tafi, yanzu sai ya shinshina ya koma ya kwanta. Dubu goma nake biya a rana. Wannan dubu huɗun ita ce ta ba ni tsoro, araha ba ta ado.

Sani Kurna: Dubu goma? Haba Hajiya. A Sabon Gari dubu ɗaya da ɗari biyar na biya, har da abinci, kuma karena ya dawo da ƙiba.

Hajiya Binta: A wace shekarar, Malam Sani? Ka je ka tambayi kuɗin buhun abincin kare yau.

Sani Kurna: Wane buhu? Ƙanzo ne da ƙashi daga Abbatuwa, shi ma a gida abin da yake ci ke nan.

Injiniya Bala: Ni dubu bakwai nake biya ai, Hajiya. Tsada ba ta hana komai. Ni ma an turo min bidiyo, ashe na ranar farko ne ake ta maimaitawa. Kuma da na ce zan kai ƙara, sai ya nuno min wata takarda da na sa wa hannu a bakin ƙofa, wai ba su da alhakin cuta.

Likita Aisha: Maman Hanif, aikina ke nan, bari in amsa miki abin da kika tambaya. Kada ki sa shi cikin taron karnuka yanzu. Allurar kwikwiyo ana fara ta ne yana sati 6 zuwa 8, ana maimaitawa duk bayan sati 3 ko 4 har ya kai sati 16, kuma ko ta ƙarshen sai ta ɗan kwana biyu a jiki, kamar sati ɗaya zuwa biyu, kafin a saki jiki. Naki biyu kawai ya samu. Ƙwayar parvo tana fita a kashi, tana iya yin watanni a cikin ƙasa, tana bin takalmi da robar abinci, kuma sabulun wanki bai kashe ta, sai ruwan Hypo a kan siminti. Wurin da ƙasa ce tsurarta ba yadda za a wanke shi. Ban da ita akwai tarin da karnuka ke ɗauka in an cunkusa su, ga kaska da ke kawo zazzaɓi mai shanye jini. Ki duba katinsa kuma, allurar ciwon haukan kare daban take, daga wata uku ake yin ta.

Maganar tsoro kuwa, mai wurin ya faɗi rabin gaskiya. Lokacin da kwikwiyo ya fi saurin sabawa da sabon abu daga sati 3 ne zuwa wajen sati 14, naki ya ɗan wuce shi, saboda haka kada a ɓata lokaci. Amma ki lura da abin da yake tsoro: ƙofa da ɗan garuwa da ƙarar kura. Wuni cikin karnuka ashirin ba zai koya masa waɗannan ba, kuma matsoracin kwikwiyo in manya suka taru a kansa sau ɗaya, tsoron ƙaruwa yake, daga baya ya koma cizo. In ɗan garuwa zai shigo, ki tsaya da shi daga nesa inda bai fara rawar jiki ba, ki ba shi ɗan nama. Gobe ki matso kaɗan. Kada a jawo shi daga ƙarƙashin tankin da ƙarfi, kada yara su yi masa ihu. In kina da 'yan'uwa masu babban kare guda ɗaya mai sanyin hali da cikakkiyar allura, a riƙa haɗa su a tsakar gidanki. Ya wadatar.

Sarkin Dawa: 'Yata likita, boko daban, daji daban. Tun ina yaro nake bin mahaifina farauta, karnukana yanzu sun fi goma. Kare da kare yake yin zuciya. Kwikwiyon da ya tashi shi kaɗai a ɗaure ba ya zama komai, sai haushin banza. Mu tsohuwar karya muke haɗa shi da ita, ita za ta koya masa bin sawu, ita za ta ladabtar da shi in ya yi rashin kunya. Abin da ba ma yi shi ne jefa baƙo cikin garke, yaga shi za su yi. A gefe ake ɗaure shi kwanaki, suna jin warin juna, sannan a sake shi. Amma allura kam, mu ba mu san ta ba, kuma ga mu nan.

Likita Aisha: Baba, Allah ya ƙara girma, a kan tsohuwar karya bakinmu ɗaya. A kan allura kuwa, in karya ta haifi bakwai a wurinku, nawa ne ke kai shekara?

Sarkin Dawa: Wanda Allah ya raya. Mai ƙarfi shi ke saura, shi ya sa namu ba sa kwanciya asibiti.

Abu Sadiq: Gaskiya ni maganar Baba na ɗauka. Likita ai dole ta ce a yi allura, ita ke sayarwa.

Ummi Kabuga: Malam Abu ka ji tsoron Allah. Matar nan cewa ta yi kada a kashe dubu huɗu, me ta sayar? Baba yana da goma, in uku sun mutu saura bakwai. Maman Hanif ɗaya gare ta.

Injiniya Bala: Ni da na binne tawa da hannuna bayan gida ni ya kamata a saurara.

Malam Nasiru: Kafin a yi nisa, ana ta lissafin kuɗi an manta da lissafin lada. Hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa wanda ya riƙi kare, in ba na farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa lada kullum.

Alaramma Tudun Wada: Allah ya gafarta Malam, haka ne, amma malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida a kan gadin gona da dabbobi. Masu sharhin Risala sun kawo cewa shi kansa mai littafin, Ibnu Abi Zaidin, ya ajiye kare da katangar gidansa ta faɗi. Baiwar Allah nan an haura mata gida, mijinta ba ya gari. Abin da ya rage mata shi ne haƙƙin dabbar, ci da sha da inuwa.

Ɗan Fagge: To Alaramma, karen da ke ɓuya ƙarƙashin tanki ya shiga ƙiyasin gadi, ko shi ake gadi?

Malama Rabi: Ku kuna ta haƙƙin kare, mu haƙƙinmu fa? A layinmu a Hotoro akwai mai sakin karnukansa biyu da zarar sha biyun dare ta yi, ba a cikin gida ba, a titi, wai suna yi wa unguwa gadi. Ɗana zai tafi makarantar asuba ɗaya ya kama shi a sha raɓa, haƙora huɗu suka shiga. Muka je gidan, aka ce maigida na barci. Da ya fito muka ce ina katin allura, ya ce karensa ya fi wasu mutanen lafiya. Allura biyar ta rigakafin ciwon haukan kare aka rubuta wa yaron, ranar farko, rana ta 3, ta 7, ta 14 da ta 28, kowacce dubu goma sha biyar muka saya a kemis, ko sisi bai ba mu ba. Har yau yaron ba ya fita sai an raka shi.

Sani Kurna: Dubu goma sha biyar ta yi yawa, ƙanena dubu takwas ya saya.

Malama Rabi: Ka faɗa min inda ake sayarwa haka, don karnukan suna nan.

Likita Aisha: Malama kin kyauta da kika kammala allurar, ciwon haukan kare in alamunsa suka bayyana kusan ba a tashi. Duk wanda aka ciza ya fara wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana minti 15 kafin komai, sannan asibiti a ranar, kuma a tsare karen a sa masa ido kwana 10. Abin takaicin, ta kare ita ce mai sauƙin kuɗi, har a nan gida cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom da ke Filato tana yin ta, amma sai a bari sai an ciji yaro.

Abu Sadiq: Mu a unguwarmu nama aka jefa musu da magani, aka huta.

Likita Aisha: Don Allah kar a koya wa mutane wannan. Kaji da kuliyoyi su ma ci suke, yara kuma a ƙasan nan suke wasa.

Malama Rabi: Ni ma ba zan yi ba, amma mun je wurin mai unguwa, ya kira shi, ya ɗaure su sati ɗaya ya sake su.

Maman Hanif: Na gode ƙwarai jama'a, Likita na fasa kai shi wunin, zan gwada na naman. Amma har yanzu ba a faɗa min yadda zan yi da kwana goman Gusau ba. Allurar tasa ta uku kwana kaɗan ne tsakaninta da tafiyar.

Hajiya Binta: Ki tura min saƙo in haɗa ki da nawa wurin, sai dai ban san ko za su karɓe shi da katin da bai cika ba.

Injiniya Bala: Ko wane wuri ne, ki ce sai kin ga baya.

Malama Rabi: Wai a Kano ina ake kai ƙarar mai sakin kare a titi? 'Yan sanda ne, ko duba-gari, ko kotu? Damina na zuwa, yara za su riƙa fita da duhu.