Simokin na jaka 25, in ɗauka?

Angon gobe: Salam 'yan uwa, aurena ya matso, na ga simokin baƙi, wato kwat da wando na biki irin na Turawa, a Babbar Kasuwar Yamai jaka 25, kwalar satin ce da maɓalli ɗaya, ya shiga raina wallahi amma kafaɗar ta ɗan zarce tawa.

Tela a Wadata: Ƙanena kafaɗa ita ce magana, in ta yi maka yawa bar shi kawai don gyaranta sai an warware kusan duka rigar, hannu da wando kuwa aikin yini guda ne. Hannun shamis ya leƙo kamar santimita 1.

Ɗan Tawa: Duba yadin, ango, na taɓa sa mai roba a zafin Afrilu, kafin la'asar bayana ya jiƙe sharkaf.

Tela a Wadata: Kuma papiyon, wato ƙaramin ɗaurin wuya mai kamar malam-buɗe-littafi, ake ɗaura wa simokin, ba karabat ba.