Wane aski ya dace da yaro, wane ya dace da babba?

Abu Sadik:
Assalamu alaikum. 'Yan'uwa masu sanin harkar aski, ina neman ƙarin haske. Ga yaro ɗan shekara 2, ga ɗan shekara 9, ga saurayi ɗan 17, sai magidanci da ya haura 40 wanda gashin gabansa ya fara ja da baya. Aski ɗaya zai yi musu duka, ko kowa da nasa? Kuma wace lamba za a ce wa mai aski ya sa?

Mai Kilifa:
Wa alaikumus salam, Malam. Fara da sanin robar nan da ake maƙala wa bakin kilifa. Lamba 1 tana barin gashi kusan milimita 3, lamba 2 milimita 6, lamba 3 kusan 10, lamba 4 kusan 13. Gashi kuma yana ƙaruwa da kamar santimita 1 a wata, shi ya sa saisaye da lamba 1 yake fita hayyacinsa cikin mako biyu zuwa uku.

Ɗan shekara 2, a yi masa saisaye bai ɗaya da lamba 2 ko 3, a tsaya nan. Kada reza ta kusanci kansa. Fatarsa ba ta yi ƙwari ba, ga shi ba ya zama wuri ɗaya. Idan maɗigarsa ba ta gama rufewa ba (yawanci tana rufewa wajen wata 18), a bi wurin a hankali ba tare da dannawa ba. A riƙa ɗora bakin kilifar a bayan hannu, domin ƙarfen yana ɗaukar zafi ya ƙona yaro. Maganar cewa yawan aske kai tas yana sa gashi ya yi kauri ba gaskiya ba ce, tushen gashi yana cikin fata, aski ba ya kai gare shi.

Ɗan shekara 9, lamba 2 a sama, lamba 1 a gefe da ƙeya. Kuskuren da ya fi damuna shi ne gyaran fuska: a ci layin goshin yaro don ya fito a miƙe. Bayan kwana huɗu gashin ya tsiro, wani mai askin ya ƙara matsar da layin, a haka goshi yake ta faɗi. A share abin da ya yi tsallake kawai.

Umman Hafiz:
Malam Abu Sadik, ka kula da makero a 'yan makaranta. Ta kilifa da mataji yake yaɗuwa. A kaɗe gashin da ya maƙale da buroshi tukuna, sannan a jiƙa ƙarfen da sifirit, a bari ya bushe. In ya riga ya kama, man shafawa kaɗai ba ya kashe shi, sai maganin sha na makonni da likita zai rubuta.

Shi kuma saurayin, a bar shi ya zaɓi salonsa, ya tara suma in yana so. Inda zan ja masa kunne shi ne ƙeya da wuya. Gashi mai nannaɗewa, idan aka kankare shi da reza, yakan lanƙwasa ya koma cikin fata, sai ƙuraje su feso. A ƙeya sukan taurare su zama tabo mai tudu, gashi ya daina fita a wurin har abada. A bar ko da milimita 1, a bi yadda gashin ya kwanta, kada a ja fata.

Mai Kilifa:
Haka ne, Hajiya. Na ƙarshe kuwa, mai sanƙo ya rage gefe sosai, lamba 1 ko ƙasa da haka. Tara gashi a gefe shi ke ƙara tona filin da ke tsakiya. A ganina in tsakiyar kai ta buɗe, gara a aske duka a gyara gemu da saje.

Ɗan Baba:
Yallaɓai, ban yarda a yi saurin askewa ba. Wanda gashinsa ya fara sirancewa yanzu zai iya gwada maganin shafawa a kai da ake kira minoxidil, mai ƙarfin kashi 5 cikin 100. Sai an yi wata 3 zuwa 6 ana shafawa kullum kafin a ga canji, kuma in aka daina, gashin da aka samu zai zube cikin 'yan watanni. Mai ciwon zuciya ya fara tuntuɓar likita. Wanda ya zaɓi askewa tas kuma ya riƙa rufe kansa a rana, don fatar wurin ba ta saba da ita ba.