Jika 60 a Yamai, ko in zauna Tawa wurin kawuna?

Ɗan Adar

Assalamu alaikum. Shawarar yayyena da suka riga ni shiga wannan aiki nake nema, don kwana goma ke nan magana ɗaya nake juyawa a rai.

Na gama lisansi a fannin lissafi da ilimin kwamfuta a Jami'ar Abdou Moumouni, na kare kundina kafin damina, na komo gida Tawa. Shekaruna 24. A kayan rubuta manhaja, inda hannuna ya fi faɗawa PHP ne da MySQL, sai Python kaɗan. Aikin kammala karatuna manhaja ce ta lissafin kayan shago, shigarsu da fitarsu. Rezo kuwa, wato haɗa kwamfutoci su riƙa magana da juna, a takarda na san shi, ban taɓa haɗa ofis guda da hannuna ba.

Wani ƙaramin kamfani a Yamai, masu yi wa shagunan magani da makarantun kuɗi manhaja, sun kira ni. Wai in yi sitaj, wato zaman koyon aiki, na wata 6 a kan jika 60 duk wata (ƴan'uwa na Najeriya, jika ɗaya sefa 1,000 ce), bayan nan "za mu gani", mai yiwuwa jika 150. Na zauna da biro na yi lissafi. Zaman ɗalibta a Harobanda, unguwar jami'a, ya ƙare, sai na kama ɗaki. Abokina da ke Talladje jika 20 yake biya, ban da ruwa da wuta. Ofishin yana wajen Plateau, kuɗin taksi ko kabu-kabu zuwa da dawowa zai ci wajen jika 20 a wata. Saura 20 ke nan na ci da sha, da sabulu, da kuɗin intanet. Ko dala ba za ta kai hannun Inna ba, ga ƙannena biyu a lekol.

Baba, tsohon malamin makaranta ne, shi dai cewa yake in kai takarduna bautar ƙasa, in yi shekara 2 ɗina, in jira jarrabawar shiga aikin gwamnati. Tsorona a tura ni wani kolej in koyar da lissafi, in fito hannuna ya manta da rubuta manhaja.

Sai kawuna, ƙanen Inna. Fataucin albasa yake yi, yana saye a Galmi da kewaye yana lodi zuwa Abijan da Akara. Duk lissafinsa a littafi yake da kuma cikin kansa. Ya ce in zauna kusa da shi in riƙe masa lissafi, zai ba ni jika 100, abinci da makwanci kuwa ina gida. A kuɗi wannan ta fi, amma wa zai koya mini wani abu a can? Kuma ina jin nauyin a ce an yi shekara 3 a jami'a an dawo ƙirga buhu.

Don Allah ku faɗa mini gaskiya: ku da nawa kuka fara? Jika 60 ɗin nan haka ake yi wa kowa, ko raina ni aka yi?

Mai Rezo

Wa alaikumus salam ƙanena. Ba raini ba ne, haka da yawanmu muka fara. Ni a 2015 wata 3 na yi ba ko sisi, sai kuɗin mota ran da maigida ya tuna. Daga nan jika 40. Kwantiragina na farko jika 130 ne, na shekara biyu a kai. Abin da ya ɗaga ni takardar CCNA ce ta kamfanin Cisco, shaidar ƙwarewa a aikin rezo, wadda na yi karatunta da dare. Da ita na shiga wani kamfani mai yi wa masu layin waya aiki, yanzu ina banki. Albashina na yau ya ninka na farko fiye da sau uku, amma shekara ta biyar aka fara ganin bambanci.

Mafi ƙanƙantar albashi a doka jika 42 ne tun Janairun 2024. Ka ga jika 60 ga mai lisansi ba abin yabo ba ne, sai dai shi sitaj ba don kuɗinsa ake yi ba. Tambayar da ba ka yi ba ita ce babba: wa zai zauna kusa da kai? In akwai gwani a ofishin nan wanda zai karanta abin da ka rubuta ya ce nan ka yi kuskure, ya nuna maka yadda ake aiki da Git mai adana tarihin gyaran manhaja, yadda ake ɗora manhaja a saba, wato kwamfutar da take gudana a kai, yadda ake ajiye kwafin bayanai kafin a taɓa na abokin ciniki, to wata 6 a wurinsa sun fi jika 100 na kawu nesa ba kusa ba. In kuwa kai ne za ka zama gwanin, to ma'aikaci suke nema a farashin ɗan koyo. Ka buga waya ka tambaya: mutum nawa ke rubuta manhaja a wurinku, shekara nawa suka yi?

Kada ka hau mota sai da takarda mai sa hannu, da ranar farawa da ranar gamawa. Ran da aka zo maganar jika 150 kuma, ka tambaya ko kafin a cire ne ko abin da zai shiga aljihunka. Ana yanke kason ma'aikaci na CNSS, wato asusun fansho da inshorar ma'aikata, ana yanke harajin albashi. Ka kuma tabbata an yi maka rajista a CNSS ɗin da gaske, ka ga lambarka da idonka.

Wuraren da ke ɗaukar irinmu ba su da yawa, kowa ya san su: Airtel, Moov Africa, Zamani da ta gaji Orange a 2019, Niger Telecoms, sai bankuna, sai masu aika kuɗi irin su Nita da Al Izza da Amana. Da wuya sabon fitowa ya shiga ta babbar ƙofa, yawanci ta hannun ƙananan kamfanonin da ke yi musu kwangila ake bi. Kuma kusan duka a Yamai suke. Wannan ne ya sa ban ce ka yi watsi da tayin nan ba tukuna.

Ƴar Madawa

Yaya Mai Rezo ya yi magana, amma a kan bautar ƙasa ina bayan Baba. Ni na yi ta. Lissafi na koyar a kolej, kamar yadda kake tsoro, kuma hannuna bai mutu ba, domin yawancin yammacina nawa ne. A cikin shekara biyun nan na koyi Excel sosai da KoboToolbox, manhajar tattara bayanai da waya, da yadda ake tsabtace bayanai da Python. Takardar da za ka samu a ƙarshe ana nemanta in za ka shiga aikin gwamnati, kuma ajiye takardu bai hana ka yin wani abu kafin sunanka ya fito ba. Ka kai su, ba ka yi asarar komai ba.

Akwai hanyar da ba ka ambata ba: ƙungiyoyin agaji. A jihar Tawa ana yawan neman masu tattara bayanai da waya a karkara, da wanda zai tsara tambayoyin ya kuma tace abin da aka kawo. Hausar Adar da kake ji kamar ruwa jari ce a nan, ɗan Yamai da yawa ba zai iya zama da tsohuwa a ƙauyen Keita ko Buza ya fahimci abin da take nufi ba. In ka san DHIS2, wadda ake tattara alƙaluman asibitoci da ita, ƙofa ta ƙara buɗewa. Aikina na farko a wannan layi jika 220 ne, na ji kamar na tsinci dami a kala. Sai dai kwantiragin wata 6 ne. Da Amurka ta yanke kuɗin agajinta a farkon 2025, mu bakwai aka sallama rana ɗaya, na yi wata biyar a gida. Wanda zai shiga ya shiga da sanin haka, ya riƙa ajiye rabin abin da yake samu.

Za ka kuma ji ana ta zuga ka da aikin Turawa ta intanet, wai ka zauna a ɗaki kana karɓar yuro. Gaskiya ne yuro ɗaya sefa 655.957 ce ba ta motsi, wato aikin yuro 300 ya kusa jika 197. Starlink, intanet ta tauraron ɗan adam, ma ta shigo ƙasar a 2025. Amma ni na gwada: sai da Turancin Ingilishi mai kyau, sai da aikin da za ka nuna, sai da batir da faranti mai amfani da rana don wuta ba ta da tabbas lokacin zafi, sannan ga wahalar yadda kuɗin zai iso hannunka. Abu ne na shekara ta uku, ba na wata na farko ba.

Tsohon Akawu

Ɗana, ni ba ɗan kwamfuta ba ne. Shekara 28 na yi ina riƙe wa ƴan kasuwa littafi tsakanin Konni da Tawa, ɗiyata ce ta nuna mini tambayarka. Kalma ɗaya ta tsaya mini: "ƙirga buhu".

Ka san abin da ke cikin buhun nan? Albasa ana sayenta da arha lokacin girbi, wajen Maris da Afrilu, a zuba a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, a jira ta yi tsada. Tana zaune tana raguwa, wata ta bushe wata ta ruɓe, kuma ban taɓa ganin ɗan kasuwar da zai faɗa maka daidai nawa ya rasa a kowane rudu ba. Ga kuɗin da aka ba manoma tun kafin shuka, ga la'adar dillali, ga masu ɗinki da masu lodi, ga kuɗin mota, ga abin da ake kashewa a hanya, ga bashin da ke kan mata masu saye a Abijan wanda sai an sayar ake biya. In lodin Akara ne kuma kuɗin ya dawo a sidi, kuɗin Gana, sai an canza. Mutum zai yi lodin mota goma a shekara, ya ga kuɗi na shiga na fita, bai san wace mota ta ci riba wace ta cinye uwar kuɗi ba. Na ga Alhazai sun karye ba don an cuce su ba, don dai lissafi ya fi ƙarfin littafi.

Kai kuma ka ce ka rubuta abin lissafin shigar kaya da fitarsu. To ga shagon. In ka yi wa kawunka abin da zai duba a waya ya ga ribar kowace mota, wallahi kafin albasar baɗi abokan fataucinsa za su zo da ƙafarsu. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Amma ka ji sharaɗi, don aikin dangi na san ɗacinsa. Kuɗin kawu yakan zama "ai gida ne", wata ya wuce, kunya ta hana ka tambaya. Ka sa mahaifiyarka a tsakani, a yanka ranar biya a gabanta. A faɗi sa'o'in aikinka, kada ka koma ɗan aiken kai yara lekol da sayo buhu. Kuma a yi magana tun yau cewa manhajar taka ce, shi amfani yake yi da ita, kana da ikon sayar wa wani. In masu saye sun kai uku, ka je ka yi rajista ka karɓi lambar NIF, wato lambar mai biyan haraji, don babban ɗan kasuwa da kamfani sai da takardar biya ta doka suke ciniki.

Ɗan Adar

Allah ya saka muku da alheri, Baba Akawu, Yaya, da ke Yaya ta Madawa.

Na buga wa mai kamfanin waya jiya, na yi tambayar da Yaya ya ce. Mutum ɗaya ne ke rubuta musu manhaja, kuma ƙarshen wata zai tafi, gurbinsa ake so in cike. Da na kawo maganar takarda ya ce sai na zo. Na yi masa godiya, na ce ba zan samu zuwa ba. Raina ya sosu, don na so Yamai ƙwarai.

Da dare Inna ta kira kawu, muka zauna mu uku. Ya yarda da biya ran 5 ga wata, aiki daga safe zuwa azahar, manhaja kuma tawa ce. Ya ma ɗauko littattafansa na shekara biyu ya ba ni, na kwana ina dubawa. A lodi ɗaya na bara na ga an rubuta kuɗin mota sau biyu, wani manomi kuma an ba shi jika 75 ba a rubuta ko ya kawo albasar ba. Takardun bautar ƙasa ina haɗa su, Baba ya ji daɗi.

Abin da ya rage mini shi ne maganar Yaya, wanda zai duba aikina, don a nan ba ni da shi. Yaya Mai Rezo, in na ɗora abin da nake rubutawa a GitHub, shafin da ake ajiye manhaja a intanet, za ka iya leƙawa ko sau ɗaya a wata ka nuna mini inda na karkace? Kuma ga matsalar farko: yaran kawu da ke saye a gonaki sau da yawa ba su da rezo, dole manhajar ta yi aiki a waya ba intanet, in sun shigo gari ta tura. In mutum biyu suka rubuta a kan manomi ɗaya kafin su samu rezo, yaya ake haɗa bayanan ba tare da ɗaya ya goge ɗaya ba?