Wai me za mu kira "dependency" da Hausa?

1/ Jama'a ina neman kalma. Kullum fassarar da ake yi ita ce "dogaro", ƙasashe matalauta sun dogara da masu arziki. Ni dai kalmar nan ba ta kwanta min ba. Dogaro ai abu ne mai kyau a bakinmu, dogaro ga Allah, dogaro da kai, kuma tana nuna kamar mu ne ci-ma-zaune su ke ciyar da mu.

2/ Alhali waɗanda suka kawo maganar ba haka suke nufi ba. Raul Prebisch, masanin tattalin arziki ɗan Ajantina, tun 1950 abin da ya ce shi ne, mai sayar da ɗanyen kaya yana sayo sarrafaffe kullum shi ke kwana ciki, don farashin nasa ja baya yake idan an gwada da nasu. Ka duba Ghana da Kodebuwa, fiye da rabin kokon duniya daga gonakinsu yake fitowa amma kuɗin cakulan a Turai yake kwana. Yuraniyom ɗin garin Arlit na Nijar tun daga 1971 an yi shekaru ana haƙa ana kaiwa Faransa ana ba da wuta, ƙauyukan Nijar kuwa ana ta fama da tocila. To a nan wa ya dogara da wa?

3/ Wani abokina ya ce barantaka. Ta yi kusa wallahi, na so ta, sai dai ubangida na gargajiya yana yi wa baransa kayan sallah har aure ya yi masa. Asusun ba da lamuni na duniya IMF da SAP, shirin tsuke bakin aljihu na Najeriya a 1986, wace riga suka ɗinka mana?

4/ Shawarata: TALALA. Tattalin arzikin talala. Duk wanda ya yi kiwo ya san ta, ka sa wa akuya doguwar igiya tana ta yawo tana kiwo a zatonta sakakkiya ce, sai ta kai ƙarshen igiya ta tuna akwai turke. Ga tuta ga taken ƙasa, sai a wayi gari a 1994 an karya darajar sefa da rabi, talakan Maraɗi a rediyo ya ji.

5/ Na san 'yan jarida sun riga mu, "ɗaurin talala" suke cewa idan an tsare mutum a gidansa. Ban ga matsala ba, ma'anar ma taimaka mana take. Mai wadda ta fi ta ya ajiye a ƙasa, amma don Allah kar a sake ce min dogaro.